Tuntuɓe a Cikin Taro: Tambayoyi da Amsoshi Kan Hanyoyin Manyan Wuraren Shaƙatawa

Idan aka ce wani ya ji ciwo a wurin shaƙatawa irin su Disneyland, hankalin mutane kan tafi ne kan lilon da ke wulwula jama'a a sama, ko jirgin wasan da ke gudu a kan dogo yana hawa yana sauka. Amma minti biyu ko uku mutum yake yi a kan lilo. Sauran yinin a ƙasa yake, yana takawa da ƙafarsa a tsakanin dubban mutane. A nan ake gocewar ƙafa da targaɗe da fashewar gwiwa, a nan tsofaffi ke karya tsintsiyar hannu ko ƙugu. Ga tambayoyin da suka fi yawo a kan wannan batu, da amsoshinsu.

Me ya haɗa yawan jama'a da tuntuɓe? Ai dutse ne ke kayar da mutum, ba mutane ba.

Dutsen yana nan tun safe, kuma mutum dubu sun tsallake shi lafiya. Abin da ya sauya da yamma shi ne ido ya daina ganinsa.

Mai tafiya ba ya kallon ƙafarsa. Idonsa kan riga shi gaba da kamar taku biyu, ya karanta ƙasa, ya aika wa ƙafa labari kafin ta iso. Ita kuwa ƙafa rowar ɗagawa gare ta: yayin da take wucewa gaba, tsakanin yatsu da ƙasa bai fi santimita ɗaya zuwa biyu ba. Saboda haka ɗan tudun da bai wuce kaurin yatsa ba ya isa ya kama bakin takalmi, in dai ido bai yi gargaɗi ba. A cikin cunkoso kuwa wurin da ido ya kamata ya karanta, bayan wani ne ya rufe shi. Ga kuma abu na biyu: wanda ya yi tuntuɓe a fili yakan wurga ɗaya ƙafar gaba da sauri ya tare kansa, shi ya sa ake cewa tuntuɓe daɗin gushi gaba. A cikin taro babu gaban da za a gusa. Inda za ka wurga ƙafar, dugadugin wani ne a wurin, ko tayar keken yaro.

Na ga wannan da idona wata ranar Sallah a wani wurin wasan yara. Akwai murfin kwata a tsakiyar hanya, gefensa ɗaya ya ɗan ɗaga. Da hantsi mun bi ta kansa sau uku ko huɗu, yara ma tsallake shi suke yi suna dariya. Bayan la'asar wuri ya cika, muna tafe kafaɗa da kafaɗa za mu fita, sai goggona ta ci da baki a daidai wurin. Gwiwarta ta fashe, tafin hannunta ya saluɓe, gyalenta ya shiga ƙarƙashin ƙafafun mutane. Wani matashin ma'aikaci ya zo yana sannu, ya ce, "Hajiya, ai sai ki riƙa duba gabanki." Ta ɗago ta dube shi ta ce, "Ɗan nan, gabana bayan mutum ne." Duk abin da zan faɗa a ƙasa, bayanin wannan magana tata ne.

Cunkoso nawa ne ya fara zama matsala?

Masana suna auna shi da yawan mutane a murabba'in mita ɗaya. Ka ƙaddara sallaya ce da ɗan ƙari. Wani injiniya a birnin New York, John Fruin, ya fitar da ma'auni a 1971 wanda har yau ake aiki da shi, ya kasa tafiyar ƙasa mataki shida, daga A zuwa F. A mataki na farko kowane mutum yana da fili sama da murabba'in mita 3, yana tafiyarsa yadda ya ga dama, kusan mita 1.3 a daƙiƙa. A mataki na ƙarshe filin kowa bai kai rabin murabba'in mita ba, wato an haura mutum biyu a kan sallayar nan, tafiya ta koma jan ƙafa, ana gogar juna, babu halin wuce wani.

Mutum huɗu zuwa biyar a murabba'in mita shi ne iyakar abin da ake yarda da shi ga taron da ke tsaye cik, kamar masu kallo. Idan aka kai shida ko bakwai, mutum ya daina mallakar jikinsa, taron ne ke ɗaukarsa yana kai shi inda ya so kamar ruwa ya ɗauki kara.

Abin lura shi ne tuntuɓe ba ya jiran a kai can. Tun daga mutum ɗaya da rabi zuwa biyu a murabba'in mita ƙasa ta ɓace wa ido, alhali har yanzu jama'a na tafiya da ɗan hanzari. Wannan tsaka-tsakin, inda ba a gani kuma ba a tsaya ba, shi ne ya fi yawan kayar da mutane, kuma a cikinsa manyan wuraren shaƙatawa ke yini a ranakun hutu. Magic Kingdom, wurin shaƙatawa na kamfanin Disney da ke jihar Fulorida a Amurka, ya karɓi baƙi sama da miliyan 20 a 2019 kaɗai. In ka raba, sama da mutum dubu hamsin ke nan kowace rana.

Shin yadda aka shata hanyoyin wurin yana da tasiri, ko duk hanya hanya ce?

Yana da tasiri ƙwarai, kuma manyan tsare-tsare biyu ne suka fi shahara.

Na farko shi ne wanda Walt Disney ya yi a Disneyland, a garin Anaheim na jihar Kalifoniya, wanda aka buɗe ranar 17 ga Yuli, 1955. Ƙofa ɗaya ce. Daga ita sai titi guda mai shaguna hagu da dama, Main Street, wanda ya kai ka wani dandali zagayayye a gaban fadar nan mai hasumiyoyi. Daga dandalin hanyoyi suka rarrabu zuwa unguwannin wasa, kamar wayoyin tayar keke da suka fito daga cibiya. Hikimarsa ita ce mutum ba ya ɓata, kullum ya san inda tsakiya take. Fadar kuma an gina ta ne don ta ja ido, mutum ya hango ta daga nesa ya nufe ta. To nan gizo ke saƙa. An gina wurin ne don ka ɗaga kai, ka kalli hasumiya da tagogin shaguna da tutoci, alhali a ƙarƙashin ƙafarka akwai dogon taragon da doki ke ja, shimfiɗe a tsakiyar titin, ga kuma tudun bakin titi a gefe biyu. Sannan duk wanda ya shigo ta nan zai shigo, duk wanda zai fita ta nan zai fita. Da dare, in an gama wasan tartsatsin wuta, dubban mutanen da suka taru a dandalin sukan juyo lokaci guda su ɗuru cikin wannan titi ɗaya.

Kamfanin Disney da kansa ya gane haka, kuma gyare-gyaren da ya yi daga baya sun nuna inda ciwon yake. A Tokyo Disneyland da aka buɗe a 1983 an yi hanyoyi masu faɗi, aka rufe titin shiga da rufin gilashi saboda ruwan sama, aka kuma ratsa shi da wani titi da ke fitar da mutane hagu da dama ba sai sun kai dandali ba. A na kusa da birnin Faris, na 1992, an yi rufaffun lunguna biyu a bayan shaguna, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da babban titin, don wanda ba ya son kallon fareti ya bi ta can ya wuce. A Magic Kingdom kuma, tsakanin 2014 da 2015, an faɗaɗa dandalin tsakiya, har da cike wani ɓangare na ruwan da ke kewaye da shi, aka kuma gyara wata hanya ta bayan shaguna da ake buɗewa in taro ya yi yawa.

Tsari na biyu zobe ne. Mai zanen wuraren shaƙatawa Randall Duell ne ya shahara da shi, tun daga wurin shaƙatawa na Six Flags Over Texas a 1961: hanya ɗaya ta zagaye wurin duka, ka bi ta ka ga komai ka dawo inda ka fara. Ɓangaren ƙasashe na Epcot, wani wurin Disney a Fulorida wanda aka buɗe a 1982, haka yake, rumfunan ƙasashe 11 a jere a bakin tafki, zagayen ya kai kusan kilomita biyu. Zobe yana warwatsa jama'a, ba ya tara su a cibiya. Aibinsa shi ne babu yanke. Masu tafiya dama da masu tafiya hagu hanya ɗaya suke bi suna fuskantar juna, kuma in wuri ɗaya ya toshe, babu inda za a kauce.

A ganina tambayar da ta fi muhimmanci ga kowane tsari ita ce: a ina mutane masu nufin wurare daban-daban suke gittar juna? Inda jama'a ke fuskantar juna kai tsaye, sukan shirya kansu layi-layi ba tare da an ce musu ba, kowa ya bi bayan mai zuwa inda za shi. Inda hanya ta gitta hanya kuwa wannan shiri ba ya yiwuwa. Kowa sai ya tsaya, ya kauce, ya taka gefe, ya ja da baya, kuma ƙafa ba ta ɗaguwa sosai a takun gefe da na baya. Mahaɗar hanyoyi, bakin ƙofar fita daga lilo, gaban banɗaki, gaban mai sayar da abinci: a nan ya kamata ƙasa ta kasance shimfiɗe sumul, babu ko ɗan tudu.

Wane abu ne a ƙasa ya fi kayar da mutane?

Ɗan hakin da ka raina. Matakala mai hawa goma kowa yana ganinta, yana kuma ganin kawunan na gabansa suna sauka ƙasa, sai ya shirya. Mataki ɗaya tilo a tsakiyar hanya shi ne mugu, domin a cikin taro babu abin da ke nuna yana nan. Mutum ya kai ƙafa yana zaton ƙasa, sai ya ji iska.

A Amurka ƙa'idojin da suka biyo bayan dokar kare haƙƙin naƙasassu ta 1990 sun ƙayyade abin da awo. Bambancin tudu tsakanin shimfiɗa biyu, in bai wuce milimita 6 ba, ana iya barinsa. Daga nan zuwa milimita 13 sai an fere bakinsa ya kwanta. Abin da ya haura haka sai an yi masa gangara, ita ma kada tsayuwarta ta wuce tashin mita ɗaya a cikin mita 12. Ramukan murfin kwata kada su fi milimita 13 faɗi, don kada su kama tsinin takalmi ko sandar dogarawa ko tayar keke. Ga matakala kuma, dokokin gini sun ce tsakanin matakin da ya fi tsawo da wanda ya fi gajarta kada a samu bambancin da ya kai santimita ɗaya, domin ƙafa takan haddace tsawon mataki tun daga biyun farko, ta ci gaba da aiki da haddar.

Wuraren shaƙatawa suna da wata matsala tasu ta daban: ado. Ana son ƙasa ta yi kama da tsohon birnin Turai ko hanyar daji, sai a buga wa siminti zanen duwatsu, da sawun dabbobi, da tsagewar ƙarya. A Animal Kingdom, shi ma wurin Disney a Fulorida wanda aka buɗe a 1998, an yi wa kankare kamannin busasshen laka har da shatin ganye. Abin sha'awa ne, kuma injiniyoyi suna kiyaye zurfinsa. Amma ƙasar da ta cika zane tana ɓoye tsagewar gaskiya idan ta zo, ido ba ya bambance wadda aka zana da wadda saiwar bishiya ta ɗaga. Sai kuma kayan wucin gadi: gindin ƙarafan da ake ɗaura igiyar layi, sarƙar da ta yi laushi ta sauko daidai ƙwauri, murfin wayoyin lantarki da aka shimfiɗa don wani biki, gindin lema. Waɗannan ba sa cikin zanen mai gini, ma'aikaci ne ya ajiye su yau da safe.

Ranar da aka buɗe Disneyland ma ƙasa ce ta fara ba da kunya. Kwaltar da aka zuba ba ta gama bushewa ba, ga zafin rana, tsinin takalman mata ya riƙa nutsewa a cikinta. Mutum kusan 28,000 ne suka shigo, da yawansu da jabun tikiti.

Akwai lokutan da suka fi haɗari a cikin yini?

Huɗu ne. Da safe in an buɗe ƙofa, masu son riga kowa hawa lilo sukan ruga, shi ya sa a wasu wuraren ma'aikata ke riƙe igiya su yi gaba a hankali, jama'a na biye, kamar makiyayi a gaban garke. Sai lokacin fareti, inda mutane ke zama a bakin titi su miƙe ƙafafu, su ajiye jakunkuna da kofuna, hanyar da ta rage wa masu wucewa ta koma siririya. Sai in ruwa ya sauko ba zato, abin da ke faruwa kusan kullum da yamma a Fulorida lokacin zafi: kowa ya ruga neman rumfa, ƙasa ta yi santsi, rigar leda ta rufe gefen ido.

Na huɗun ya fi su duka, wato bayan wasan tartsatsin wuta. Ana rage fitilu don wasan ya fito da kyau. Mutane sun yi minti goma sha biyar ko ashirin suna kallon haske mai ƙarfi a sama, idon kuma yana buƙatar mintuna kafin ya saba da duhu, cikakken sabo ma sai an yi minti ashirin zuwa talatin. Ƙafa ta gaji da yinin tafiya, ba ta ɗaguwa kamar da safe. Uba ya saɓa yaro mai barci a kafaɗa, hannayensa biyu a cike. A ƙasa kuwa ga robobin ruwa da guntun abincin da masu zama suka bari. Sannan kowa ya tashi lokaci ɗaya.

Idan kowa ya yi sauri, ba za a fi saurin watsewa ba?

Sauri ya haifi nawa. Wani masanin kimiyya Bajamushe, Dirk Helbing, da abokan aikinsa sun nuna a 2000 cewa in mutane suka matsa wa ƙofa da gaggawa, sukan cushe a bakinta su toshe ta, fitar ta koma tsiyaya, ta fi ta masu natsuwa jinkiri.

Lissafin ma a fili yake. Littafin jagoran kiyaye lafiya a filayen wasanni na Ingila yana ƙiyasta cewa kowace mita ɗaya ta faɗin hanya tana wuce da mutum 82 a minti ɗaya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, 66 a kan matakala. Hanya mai faɗin mita 10 ke nan za ta kawo mutum 820 a minti. In ta tsuke ta koma mita 5 a bakin gada, 410 ne kawai za su wuce, sauran 410 su taru a baya, kowane minti a ƙara wasu. Minti biyar ya isa a samu mutum dubu biyu a cushe. Kuma faɗin da ke kan takarda ba shi ne faɗin da ake tafiya a kai ba: benci ya ci nasa, kwandon shara ya ci nasa, mai kurar sayar da alawa ya ci nasa tare da layin masu saye, mutane kuma ba sa manne wa bango.

Kekunan tura yara fa? Ni kam su nake gani suna haddasa abin.

Kana da gaskiya, amma da sauƙi a gane dalili. Keken yana ƙasa da inda ido yake kallo. Kana ganin kan uwa, kana ganin fili a gabanta, ka sa ƙafa, ashe filin keke ne. Haka yaro ɗan shekara uku yake a cikin taro, shi ma fili ake ɗaukarsa.

Kafin Disneyland ya buɗe sabon yankinsa na fim ɗin Star Wars a ƙarshen Mayu 2019, ya yi wani aiki da ya kira Project Stardust: ya rage girman wuraren shuka furanni, ya kawar da wasu bencina, ya kwantar da tudun bakin titi a wasu wurare ya zama gangara, ya ware wa kekuna wurin ajiya daga kan hanya. Daga 1 ga Mayu na shekarar kuma aka hana shiga da keken da ya fi inci 31 faɗi ko inci 52 tsawo, aka hana amalanken ja gaba ɗaya. Iyaye sun yi ƙorafi, kuma na fahimce su, mai 'ya'ya uku ƙanana ya san wahalar yini a irin wurin. Duk da haka ina ganin hanin daidai ne. Abin da ake ja a baya, mai jansa ba ya ganinsa, na bayansa ma bai gan shi ba.

An ce tsarin kama layi ta waya ya rage cunkoso. Haka ne?

Ya rage tsayuwa a layi, ya ƙara jama'a a kan hanya. Layin nan mai lanƙwasa kamar hanji rumbu ne na ajiye mutane: dubbai suna tsaye a cikinsa, a hankali, a ƙasa mai kyau, da ƙarfen riƙewa. Da Disney ya fito da FastPass a 1999, wanda ya riƙa ba mutum lokacin da zai dawo ya hau, sai waɗannan mutane suka fito suna yawo a titunan da ba a auna da su ba. Da tsarin ya koma cikin waya kuma sai aka ƙara wani abu: mutum yana tafe yana duba allo, ya ga lokacinsa ya kusa, ya tsaya cak a tsakiyar hanya ko ya juya ba zato. Sandar ɗaukar hoton kai ma an hana ta a wuraren Disney tun 2015, amma wayar ba mai iya hana ta, tunda da ita ake shiga, da ita ake sayen abinci.

Tuntuɓen mutum ɗaya zai iya zama turmutsutsu?

Zai iya, in taro ya kai matakin da na baya ba sa iya tsayawa. Wanda ya faɗi ya bar rami a cikin taron, waɗanda ke jingine da shi su rufta ciki, na bayansu su biyo. A Landan, ranar 3 ga Maris, 1943, mutane na sauka tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Bethnal Green don fakewa daga harin sama, wata mata ɗauke da yaro ta faɗi kusa da ƙarshen matakala mai hawa 19. Fitila ɗaya ce mai rauni, babu ƙarfen riƙewa a tsakiya. Mutum 173 suka rasu, bom ko ɗaya bai faɗa musu ba. A unguwar Itaewon ta birnin Seoul, ranar 29 ga Oktoba, 2022, lungu ne mai gangara wanda faɗinsa bai kai mita 4 ba a wani wurin, mutane na shiga ta sama da ta ƙasa, aka rasa rai 159.

Mu kuma mun san abin a Mina. Ranar 12 ga Janairu, 2006, a mashigar gadar Jamarat, alhazai suka yi tuntuɓe da kayan da suka zube a ƙasa, sama da mutum 340 suka rasu, Allah Ya jiƙan su. Helbing ɗin nan yana cikin waɗanda suka yi nazarin hotunan bidiyon ranar. Gyaran da aka yi bayan nan shi ne darasin: gada mai hawa-hawa, hanyar zuwa daban ta dawowa daban, hana shiga da kaya, da raba wa tawagogi lokacin jifa. Duk alhajin da ya ji askar na cewa ya ajiye jakarsa, ko an hana shi komawa ta inda ya fito, dalilin ke nan.

Manyan wuraren shaƙatawa ba su cika kaiwa wannan mataki ba, saboda suna ƙirga masu shiga, suna rufe ƙofa in an cika, suna da ma'aikata masu sandar haske da ke mayar da titi hanyar tafiya ɗaya da dare. Inda babu wannan ƙirga, bikin yara ma yana iya zama makoki. A Ibadan, cikin Disamba 2024, yara 35 ne suka rasu a turmutsutsun wani bikin wasan yara.

Me ya sa ba a cika jin adadin masu faɗuwa a waɗannan wurare ba?

Domin abin da ake ƙirgawa lilo ne. A Fulorida, alal misali, manyan wuraren suna kai wa hukuma rahoto duk wata uku, amma na waɗanda suka ji ciwo ko suka yi rashin lafiya a kan abin hawa har aka kwantar da su asibiti aƙalla awa 24. Tsohuwar da ta karye a bakin titi ba ta cikin wannan lissafi. Sai dai a ɗakin ba da agajin gaggawa na wurin, ko a kotu.

To laifin wa ne, wanda ya faɗi ko masu wurin?

Doka takan raba. A Fulorida, in abin da ya kayar da kai zubabben abu ne kamar lemo ko ruwa, sai ka nuna cewa masu wurin sun sani, ko ya daɗe a wurin har ya kamata a ce sun sani. Tun 2023 kuma, wanda kotu ta ga nasa sakacin ya haura rabi ba ya samun diyya, wa'adin shigar da ƙara ma an rage shi daga shekara huɗu zuwa biyu. A Kalifoniya ana rage diyyar ne gwargwadon sakacinka, amma kotu na iya cewa tudun ya yi ƙanƙanta da a kama wani da laifinsa. Masu wurin sukan kare kansu da cewa abin a fili yake, kowa na iya ganinsa.

Wannan hujja ce nake ganin ba ta tsaya da ƙafarta ba. Wanda ya sayar da tikitin da ya cika hanya, ya rage fitila, ya sa ado a sama don a ɗaga kai, shi ne ya hana a ga abin da yake cewa a fili yake. Saboda haka in ka faɗi, ka sa a ɗauki hoton wurin nan take tare da yawan jama'ar da hasken da ke akwai a lokacin, a ajiye tsaba ko makulli kusa da tudun don a ga girmansa, ka kuma sa ma'aikata su rubuta rahoto kafin ka tafi. Hoton da za a ɗauka washegari da safe, hanya fayau, wani labari daban zai bayar.

Ni uwa ce, zan je da yara uku da mahaifiyata. Me zan yi?

Hajiya, babbar dabara ita ce ƙin tashi tare da kowa. In an gama wasan dare, ki samu bango ko benci ku zauna minti ashirin, hanya za ta yi sauƙi, idanunku ma su saba da duhu. In dole sai kun shiga taro, ki bar tazarar taku biyu tsakaninki da na gabanki ko da wani zai shige, ƙaramin yaro a ɗauke shi, Inna kuma ta kasance ta ɓangaren bango da wani babba a bayanta. Kada ku jeru ku biyar riƙe da hannun juna a faɗin hanya, ɗaya in ya faɗi zai ja sauran.

Takalmi mai igiya ko maɗauri a dugadugi ya fi silifas, domin na bayanki zai take silifas ɗin ƙafarki na shirin ɗagawa. Abaya da dogon hijabi da zani mai jan ƙasa, haka babbar rigar maigida, a tattare su a hannu in za a hau matakala ko bel ɗin nan mai tafiya da ake takawa a shiga wasu abubuwan hawa. In takalmin yaro ya cire ko waya ta faɗi a tsakiyar cunkoso, kada kowa ya sunkuya, ku fita gefe ku jira. In za ki duba waya, ki koma gefe tukuna.

Ina da ɗan ƙaramin wurin wasan yara, ba ni da kuɗin Disney. Daga ina zan fara?

Alhaji, yawancin abin ba kuɗi yake ci ba. Ka shiga cikin taron da kanka ranar da wurin ya fi cika, da magariba, ka bi hanyar da baƙi ke bi tun daga ƙofa har fita, ka lura da duk inda ƙafarka ta taɓa abin da idonka bai gani ba. Washegari ka dawo da mai gini. Intalok ɗin da ya ɗaga a kwantar da shi, murfin kwata a daidaita shi da ƙasa, mataki tilo a mayar da shi gangara, in bai yiwu ba a shafa wa bakinsa fenti mai haske a kafa masa ƙarfen riƙewa wanda ya yi tsawon da za a hango shi ta saman kafaɗun mutane. Wayar janareta kada ta ratsa hanya. Masu sayar da kaya a mayar da su lungu inda layinsu ba zai fito titi ba. Fitila a sa ta inda za ta haska ƙasa, kuma a tabbatar akwai wadda ba ta mutuwa in an ɗauke wuta.

Ƙofar shiga daban, ta fita daban, kada kuma a rufe ta fita da kwaɗo don tsoron masu satar shiga, a sa mata mutum. Ka auna faɗin wurin da ya fi tsukewa a hanyarka, domin shi ne zai gaya maka mutum nawa za ka bari su shiga, ba girman filin ba. Ranar Sallah ka ajiye wani a ƙofa yana ƙirga masu shiga da masu fita, ka kuma ba shi ikon dakatar da sayar da tikiti in adadin ya cika, ba sai ya neme ka a waya ba.